Adama a Bayan Sojojin Yumɓu

Duk wanda ya ci kasuwar Goronyo a shekarun baya ya san Adama mai nono, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke zama kusa da masu albasa, wadda ba ta kiran ciniki, ba ta kuma yi wa nononta ƙarin ruwa. In ka ce mata furar ta yi tsami, sai ta ɗaga ludayi ta ce bakinka ne ya kwana da tsaminsa, ka kuma dawo mako mai zuwa ka saya. Daga rugarsu ta gefen Shinaka take tasowa da ƙore a kai, ta koma da yamma da gishiri da kanwa da labarin gari.

A wajen Boyekai aka haife ta, aka kai ta ɗakin Sajo, makiyayi mai sanyin magana wanda ciwon ƙirji ya ɗauke tun ƙuruciyarta ba ta gama wucewa ba. Duniyar Adama ba ta da faɗi, kuma ba ta taɓa kuka da hakan ba. Ta je Rabah biki, ta je Wurno ziyarar hubbare, ta taɓa kwana Sakkwato jinyar wata ƙanwarta. Ta haihu da dama, biyu suka tsaya mata: na fari namiji, da auta mace mai suna Suwaiba.

Na farin ana yaye shi aka miƙa wa Goggo Laraba, yayar Sajo, wadda bukkarta ke nan cikin rugar. Daga ranar Adama ta shiga kunyar ɗan fari, ta kuma yi ta har ta fi masu koya mata. Sunansa kowa a Shinaka ya san shi, a bakin uwarsa ne kawai babu. In za ta aika masa da fura sai ta ce, “Kai ma yaron Goggo.” In ya shigo gaishe ta, take za ta sami abin yi a ƙasa, ko tsintar tsakuwa a gero ko kankare ƙwarya, ta amsa “lahiya lau” tana kallon hannunta. Ya yi wayo, ya yi tsawo, ya fara gemu, ya zama mai garke, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Matan ruga suna kafa misali da ita ga amare. Wanda bai tashi cikin abin ba zai ce ƙiyayya ce, alhali kuwa ba ta da abin so a duniya kamar yaron nan.

Shekarar da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, wata safiya suka faɗo wa rugar suka kora shanu. Mata da yara suka gudu Goronyo. Yaron Goggo ya bi sawun garkensa tare da wasu samari, washegari aka samo su a bakin wata fadama. Maza suka yi musu sutura a can. Wurin zaman makoki masu gaisuwa suka nufi Goggo Laraba, ita ce mai ɗa, ita ce ke da damar kuka. Adama tana bakin murhu tana tuƙa wa baƙi tuwo, idonta a bushe, mutane suna cewa kai, wannan mata akwai dauriya.

Sai da kowa ya watse abin ya same ta. Wata rana da hantsi, a ɗakin da suka samu a Goronyo, ta ce bari ta zauna ta tuna fuskarsa. Ta rufe ido, ta jira, ba abin da ya zo. Ga fuskar Sajo ta zo har da gibinsa, ga ta kowace saniya da aka kora, ga ta mai tallan goron kasuwa da ba ruwanta da shi. Wurin da fuskar ɗanta ya kamata ta tsaya kuwa fili ne fetal. Wayarsa ta tafi tare da shi. Hoto ɗaya ne ya rage, na ranar bikin Suwaiba, shi ma yana can ƙarshen taro ya ja rawani har kan hanci. Ta tambayi wa? Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce a faɗa mata kamannin ɗanta? Tsoro ya kama ta, tsoro guda ɗaya da ba ta faɗa wa kowa ba: ranar da Allah zai tara mutane, ta zo ta wuce shi ba ta gane shi ba. Tun daga lokacin matar da ba ta kallon maza ta koma satar kallon fuskokin samari a tasha da kasuwa, ko wata za ta tuna mata.

Suwaiba ta yi makaranta, ta auri Bashar, mutumin Wurno da ya karanta noman rani. Shi ne ya sami gurbin ƙaro karatu a ƙasar Sin, a wani tsohon birni da ake kira Shi’an, ya tafi da matarsa. Can ta haifi ’ya mace aka sa mata Humaira. Haihuwar fari ce, wanka a gida ya kamata a yi, to amma gida ya yi nisa. Bashar ya ce tunda mai jego ba za ta iya zuwa gida ba, gida ya zo wurinta. Aka yi ta kai da kawo tsakanin Sakkwato da Abuja har takardu suka fito. Adama ta ɗaure kanwa da garin gero da yaji a bakin zani da cikin jaka, ta hau jirgin sama tana salati. Da ta leƙa taga ta ga gajimare a ƙarƙashinta, fari, a kwance kamar kindirmo cikin ƙwarya, sai ta kasa sanin ko farke take ko barci.

Haka ta yi kwanakin wankan, rabi farke rabi mafarki. Gidan yana can sama, ruwan zafi yana fitowa daga bango ba itace ba hayaƙi, rana tana fitowa lokacin da jikinta ke cewa tsakar dare ne. Ta gasa Suwaiba yadda ya kamata, ta dama mata kunun kanwa, ba ta saurari ƙorafin ’yan boko ba. Ƙafarta ba ta taka ƙasa ba har aka yi arba’in.

Ranar da aka gama, Bashar ya durƙusa daga bakin ƙofa, don tsakaninsa da ita akwai surukuta. Ya ce, “Inna, da gida muke da yanzu an fita yawon arba’in, a kai jinjira ga dangi. Nan ba mu da dangi, to mu kai ta ta gaida gari. Ku ma ku ga abin da za ku ba da labari.”

Adama ta harari keken tura jariri da ke gefe, sannan ta dubi Suwaiba, don ta hanyarta take yi masa magana. “Ce ma baban Humaira na ji. Amma ni ka goyon ta, ba a sa min jika cikin wagga amalanke.”

Ganuwar birnin suka fara hawa. Ganuwar da Adama ta sani ta ƙasa ce, guntaye da damina ke ci a hankali. Wannan kuwa ta tubali ce baƙa-baƙa, samanta shimfiɗe da faɗin da garke zai bi ba a matse ba, ta miƙe har ta shige cikin farin hazo. Mutane suna tuƙa keke a kanta. ’Yan mata sanye da dogayen riguna irin na kakanninsu suna tafiya a hankali, iska tana ɗaga hannayen rigunan, jajayen fitilu suna lilo a kan sanduna. Sanyin kaka ya fara, ganyen itatuwa ya koma rawaya yana zuba ba ƙara. Wasu tsofaffin mata suka kewaye Adama suna leƙa goyon, suna taɓa ɗaurin zanin don su ga abin da ya riƙe jaririyar. Ta kwance ta sake ɗaurawa a gabansu, suka yi ta tafi, ita kuma ta ce wa Suwaiba mutanen kirki ne, sai dai an bar su a baya wajen goyo.

Daga nan suka gangara unguwar Musulmi. Adama ba ta yarda akwai su ba sai da ta ga tsofaffi da fararen huluna da tasbaha. Masallacin bai yi kama da masallaci ba. Tsakar gida ce cikin tsakar gida, da tsofaffin itatuwa da duwatsu masu rubutu, rufin ya tanƙwashe gefe-gefe yana kallon sama. Amma ga rubutun Larabci a jikin katako, ga alƙibla. Wata tsohuwa mai koren ɗankwali ta kama hannunta ta ce, “Assalamu alaikum,” tsaf yadda ake faɗa a Shinaka. Adama ta amsa, suka tsaya riƙe da juna suna murmushi, maganarsu ta ƙare a nan amma ba wadda ta yi saurin saki. A wani shago aka ajiye musu kwano da gurasa mai tauri, aka ce kowa ya marmasa tasa kafin a zuba romon rago. Bashar yana ta fama da farce, Adama ta murje tata nan da nan, abin da hannunta ya yi shekaru yana yi wa fura. Ta sha romon ta ce ba laifi, yaji ne bai ji ba.

Wurin cin abincin ne Bashar ya kawo zancen sojojin yumɓu. Ya ce wani sarkinsu na can da, sama da shekara dubu biyu, ya sa an gina masa runduna ta ƙasa, aka gasa ta, aka binne kusa da kabarinsa don ta tsare shi.

“Gumaka na?” in ji Adama, ta ajiye cokali.

“Ba a bauta musu, Inna. Kallo kawai a kai. Dubbai na, tsawonsu awa na mutum, kuma an ce babu huska biyu iri ɗaya. Kowane da tashi.”

Adama ta juya maganar a ranta. Can ta ce wa Suwaiba, “Tambaye shi, dut huskokin da Allah ya yi suna ciki?”

Suka yi dariya, Bashar ya ce mai yiwuwa. Ita ba ta yi dariya ba. A ranta ta ce in dai dubbai ne kuma kowace daban, ai ba za a rasa guda ɗaya da za ta ɗan yi kusa ba, ko hanci ko goshi, abin da za ta kama ta jawo sauran.

Washegari mota ta fitar da su bayan gari. Gonakin rumman ne hagu da dama, ’ya’yan sun nuna jajawur, mata suna sayarwa cikin kwanduna a bakin hanya. Bashar ya nuna wani tudu mai itatuwa daga nesa, ya ce sarkin yana ƙarƙashinsa, har yau ba a buɗe ba. Ya ce su sojojin ma ba wanda ya san da su, sai da wasu manoma suna haƙar rijiya lokacin fari suka ci karo da kan mutum na yumɓu.

“To rijiyar hwa?” in ji Adama. “Sun samu ruwan?”

Bashar ya ce wannan kam bai tambaya ba.

Rumfar da suka shiga ta fi kasuwar Goronyo girma. Haske yana saukowa daga sama a tausashe, wurin yana ƙanshin ƙasa. Da Adama ta isa bakin ƙarfen da aka gitta ta leƙa ramin, sai ta ga maza. Sahu-sahu, tsaye cikin dogayen kwari, kafaɗa da kafaɗa, duk sun fuskanto ta, da dawakansu a tsakani. Kafin ta yi tunani bakinta ya yi sallama, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

Suwaiba ta ƙyalƙyale. “Inna, ƙasa ta hwa. Ba su amsawa.”

“Na sani. An shigo ma mutane ba a sallama?”

Sannan ta yi abin da ya kawo ta. Ta ɗaga ido ta fara bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ga mai gashin baki, ga mai kumatu, ga wani da ya tsuke baki kamar an ɓata masa rai tun shekara dubu biyu bai huce ba. Ga yaro matashi mai ɗan murmushi. Kowace ta ɗauka ta kai wurin filin nan da ke cikin kanta ta gwada, ba ta zauna ba, ta mayar. Jama’a suna turo ta, wayoyi suna wucewa ta saman kanta, masu jagora suna ɗaga tutoci suna surutu. Ta duba har idonta ya fara ruwa, fuskokin suka narke suka zama ɗaya. Ba ta san abin da take nema ba, ta yaya za ta gane shi in ta gani? Baƙin ciki ya cika ta, irin wanda ba ta yi ba ranar makoki. Ta zo ƙarshen duniya, an jera mata fuskoki dubu, ta tashi hannu wofi.

Humaira ta motsa tana neman nono. Adama ta kwance ta ta miƙa wa uwarta, Suwaiba da Bashar suka nemi benci. Ita kuma ta bi hanyar da ta zagaye ramin ta gefe, don kawai ta fita daga turereniya. Tana tafiya mutane suna raguwa, kowa fuska ya zo gani, ba mai ɓata lokaci a nan. Ta yi nisa, ta gaji, ta dafa ƙarfen ta waiwaya.

Daga nan bayansu ake gani. Duk rundunar ta ba ta baya, kamar mutanen da suka yi sallama suka kama hanya. Ga ƙeyoyinsu, an yi musu kitso siriri an tattara shi sama, yadda samarin ruga ke yi lokacin ƙuruciyarta. Idonta ya sauka a kan wani da ke gefen sahu. Wuyansa dogo ne, ya ɗan karkata hagu. Kafaɗarsa ta dama ta fi ɗayar sauka. Hannunsa a dunƙule yake a kan iska, abin da ya riƙe ya daɗe da ruɓewa, amma dunƙulewar ta mai riƙe da sanda ce.

Adama ta ƙanƙame ƙarfen. Ta san wannan tsayuwar.

Ashe duk ranar da ya gaishe ta ya juya zai fita, tana ɗaga kai. Ba ta taɓa lissafa wannan cikin kallo ba, don ba wanda ya gani, ita ma ba ta faɗa wa kanta ba. Yanzu ga shi yana zuwa mata ba ta kira ba. Ga ɗan kwarmin ƙeyarsa inda gumi ke taruwa. Ga kunnensa na hagu da ya ɗan lanƙwashe tun yana jariri, don ta wannan gefen yake kwanciya. Ga tabon ƙahon maraƙi a ƙasan kafaɗa, ga faso a dugadugansa, ga yadda yake jefa ƙafar dama waje in yana sauri. Ta ga bayansa yana ɗan shekara uku, tsirara, yana bin Goggo Laraba da gudu. Ta gan shi ya ratsa sanda a wuya ya rataya hannuwa, shanu a gabansa, raɓa tana jiƙa masa wando. Ta gan shi safiyar ƙarshe, kowa yana gudu yamma shi ya nufi gabas, har ya shige cikin dawa. Babu wani a duniya, har Goggon da ta raine shi, da ya san bayan yaron nan kamar ita.

Ta tsaya tana kuka a fili, ba ta rufe fuska ba. Daɗi ne da ciwo a haɗe, daɗin ya fi yawa. Ranar taron nan da take tsoro, ai kowa gaba zai fuskanta. Ta baya za ta bi sahu, kuma ko mutane sun kai yawan ƙasa za ta tsamo shi.

Sai wani tunani ya tsayar da ita. In ta gane shi ta baya, shi bai san tana nan ba. Sai ya juyo, kuma ba zai juyo ba sai an kira shi. “Yaron Goggo” ba kira ba ne, a wannan taro yaran goggo ba su ƙirguwa.

Ta buɗe baki, harshenta ya yi nauyi. Ta duba hagu ta duba dama kamar mai shirin sata. Babu Goggo Laraba, babu matan ruga, sai wani ma’aikaci da wasu baƙi biyu da ba su san ko ita wace ce ba.

“Mode,” ta ce, a hankali, ita kanta da ƙyar ta ji.

Ba abin da ya faru. Rufin bai faɗo ba. Ta ja numfashi, ta sake shi da muryar da ake kiran mutum daga wancan ƙetaren fadama.

“Mode!”

Sunan ya bi ta kan rundunar, ya bugi bango ya dawo. Ma’aikacin ya juyo, baƙin suka juyo, can gaba ma kawuna suka ɗago. Na yumɓun bai juyo ba, ba ta kuma sa ran zai juyo ba.

Suwaiba ta iso da sauri da jaririya a kafaɗa. Ta ji sunan tun daga benci, ta kuma san muryar, amma ba ta taɓa jin su tare ba tun da aka haife ta. Ta ce, “Inna, wa kika kira?”

“Ɗana nika kira,” in ji Adama. “Yayanki.”

Ta share ido da bakin mayafi, ta gyara tsayuwa, ta sake dafa ƙarfen.

“Tsaya in ƙara ɗaya, bakina shi saba.”